Yadda ake zaɓar agogon nutso mai sauƙin kuɗi daga Kano

Daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, amma hakan bai hana a samu Kanawa masu nutso da tulun iska a bayansu ba. Akwai ɗalibanmu da ke karatu a Masar da Maleshiya waɗanda suka koyi abin a lokacin hutu, akwai 'yan kasuwa masu yawan zuwa Jidda, inda Bahar Maliya take a bakin gari tare da wuraren koyar da nutso, akwai kuma matasan da suka shiga sojan ruwa ko suke neman aiki a kamfanonin mai na Fatakwal da Warri. Duk wanda ya shiga wannan harka, ba a jimawa zai fara neman agogon da zai riƙa shiga ruwa da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu, ko dai su sayi abin da ba zai jure ba, ko kuma su sayi abin da ya wuce buƙatarsu nesa ba kusa ba.

Kafin a je ga saye, ya kamata a san aikin da agogon zai yi. Iskar da ke cikin tulun mai nutso irin wadda muke shaƙa ce a sarari, kuma kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Duk mita 10 da mutum ya ƙara yin ƙasa a ruwan teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma a ƙarƙashin wannan matsi naitirojin tana narkewa ta shiga jini da tsoka, gwargwadon zurfi da daɗewa gwargwadon abin da jiki zai tara. Idan mutum ya wuce ƙa'ida sannan ya taso da gaggawa, sai ta rikiɗe ta zama kumfa a cikin jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki, wani lokaci ma ta zama ajali. Jadawalin ƙungiyar PADI, wadda ta fi kowace yawan makarantun koyar da nutso a duniya, ya ƙayyade minti 56 a zurfin mita 18, da minti 20 kacal a zurfin mita 30, kuma ana koya wa kowa ya dakata na minti uku a zurfin mita biyar kafin ya fito. Ke nan aikin agogon nutso guda ɗaya ne, shi ne ƙirga mintuna a inda ba a iya tambayar kowa lokaci, kuma duk abin da za a duba a jikinsa a kan wannan ma'auni za a ɗora shi.

Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne lambar da ake rubutawa a fuskar agogo ko a bayansa. Mutum zai ga an rubuta 30M, ko 3 BAR, ko 3 ATM, waɗanda duk ma'anarsu ɗaya ce, sai ya yi lissafi cewa tunda takardar shaidarsa ta matakin farko ba ta ba shi damar wuce mita 18 ba, ai har da rara. Lissafin ba haka yake ba. Wannan lamba sakamakon gwaji ne da aka yi wa sabon agogo a ɗakin gwaji, cikin ruwan da ba ya motsi, na 'yan mintuna, kuma ba lallai ba ne a gwada kowane ɗaya da ya fito daga masana'anta, ana iya ɗaukar samfuri kawai. Saboda haka agogon da aka rubuta wa 30M, ko aka rubuta WATER RESIST babu lamba, irin Casio F-91W ɗin nan da ya cika hannuwan jama'a tun fitowarsa a 1989, iyakarsa alwala da yayyafi. Mai 50M yana iya ɗaukar iyo kaɗan a wurin wanka na otal. Mai 100M ya isa iyo sosai da leƙen ƙarƙashin ruwa daga sama. Amma wanda zai ɗauki tulun iska ya yi ƙasa, to daga 200M ya kamata ya fara duba. Gaskiya ne cewa mai nutso don nishaɗi ba ya wuce mita 40 komai ƙwarewarsa, sai dai ratar da ke tsakanin 40 da 200 ita ce take rufa asiri idan robobin da suke toshe kafofin agogon suka fara tsufa, kuma babu makawa sai sun tsufa.

Ko a cikin masu 200M ɗin ma akwai aji biyu. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wato ISO, tana da ƙa'ida ta musamman mai lamba 6425 game da agogon masu nutso, wadda aka sabunta a 1996 da kuma 2018, kuma agogon da ya cika sharuɗɗanta ne ake rubuta wa DIVER'S kafin lambar zurfin. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida ana matsa agogo da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan abin da aka rubuta masa, ma'ana mai mita 200 sai ya jure matsin mita 250. Ana tsoma samfurinsa cikin ruwan gishiri na awa 24, ana jarraba shi da bugu da maganaɗisu da sauyin zafi da sanyi, ana jan maɗaurinsa da ƙarfi a ga ko zai ɓalle, kuma dole ne a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25. Agogon da aka rubuta wa WATER RESIST 200M ba tare da wannan kalma ba yana iya zama mai ƙarko ƙwarai, kuma dubban masu nutso suna amfani da irinsa lafiya lau, amma kamfanin bai ɗauki wancan alƙawari ba. Akwai ma waɗanda aka rubuta musu 20 BAR a baya, alhali 'yar takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a yi nutso da tulun iska da su, don haka karanta takardar nan ba ɓata lokaci ba ne.

Idan lamba ta yi daidai, sai a koma ga jikin agogon, a fara da ɗan kan da ake ja a saita lokaci, domin ta nan ruwa ya fi samun hanya. Wanda ake so shi ne irin wanda ake dannawa a murɗa shi har ya ɗaure tamau a jikin agogon, ba wanda ake turawa kawai ya koma ba. Murfin baya shi ma ya zama na murɗawa, za a gane shi da 'yan gurabun da aka yanka a kewayensa don makamin buɗewa, ba wanda ake ɓallewa da bakin wuƙa ba.

Daga nan sai zoben da ya kewaye gilashin, wanda aka rubuta wa lambobi daga sifili zuwa 60, da alamar kusurwa uku a wajen sifilin. Mutane da yawa suna ɗaura irin wannan agogo shekara da shekaru suna zaton zoben ado ne, alhali shi ne ainihin kayan aikin. Daidai lokacin da mai nutso zai fara yin ƙasa, sai ya juya zoben har alamar ta yi saiti da dogon hannun agogo, daga nan duk sanda ya duba, lambar da dogon hannun yake nunawa a kan zoben ita ce yawan mintunan da ya yi a ruwa, ba sai ya tuna ƙarfe nawa ya shiga ba. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne zoben ya riƙa juyawa ɓangare ɗaya tak, akasin yadda hannuwan agogo suke tafiya. Hikimar ita ce, idan hannu ya gogi dutse ko igiyar jirgi zoben ya goce, to zai nuna wa mutum cewa ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, sai ya fito kafin lokacinsa ya cika, kuma fitowa kafin lokaci ba ta kashe kowa. Zoben da ke juyawa ko'ina yana iya yin akasin haka. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar Vostok Amphibia na Rasha ga sabon mai nutso, duk da arahar sa da tarihinsa tun 1967, domin zoben yawancinsu yana tafiya gaba da baya.

Fuskar agogon ta zama baƙa ko shuɗiya mai duhu, da manyan alamomi farare da hannuwa masu kauri, kuma dogon hannun ya bambanta da gajeren ta yadda ba za a rikita su ba. A ƙarƙashin ruwa launin ja ne yake fara ɓacewa tun daga 'yan mitoci kaɗan, sai ruwan lemo, sai rawaya, saboda haka ado da launuka ba ya amfanar kowa a can. Hannun daƙiƙa ma yana buƙatar ɗigon fenti mai haske a duhu, don mutum ya tabbatar agogon bai tsaya ba. Maɗaurin fata kuwa a bar shi a gida. Na roba ya fi, musamman mai lanƙwasa-lanƙwasa kusa da jikin agogon, saboda rigar nutso tana matsewa idan aka yi zurfi, agogon da aka ɗaura daidai a kan jirgi sai ya koma yana yawo a hannu. Wasu sun fi son maɗaurin nailan da ake kira NATO, wanda yake ratsawa ta ƙarƙashin agogon, domin ko ɗaya daga cikin ƙananan ƙusoshin nan biyu masu riƙe maɗauri ta karye, ɗayar za ta riƙe shi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Inda mai saye a Kano ya bambanta da na Jidda ko Dubai shi ne batun injin da ke ciki. Iri uku ne ake samu: mai batir, da otomatik wanda motsin hannu yake sa shi aiki, da mai cajin kansa da haske. Mai batir ya fi araha kuma ya fi otomatik kiyaye lokaci, amma bayan shekara biyu ko uku dole a buɗe shi. A je a tsaya gaban teburin mai gyaran agogo a bakin kasuwa a kalli yadda ake canja batir. Zai maƙala gilashinsa a ido, ya warware murfin, ya ɗaga tsohon batir da hantsaki, ya sa sabo, ya mayar da murfi, duk cikin minti biyar, ga ƙurar hunturu tana sauka a kan tebur. A bakin murfin nan akwai wata siririyar roba baƙa, kaurinta bai fi na zare ba, kuma ita ce katangar da ke tsakanin injin da ruwan teku. Idan ta bushe, ko ta murɗe wajen mayarwa, ko ƙwayar yashi ɗaya ta hau kanta, agogon zai ci gaba da aiki sarai, zai jure alwala da wanka, sai ranar da aka kai shi mita 20 sannan asiri ya tonu. Ba laifin mai gyaran ba ne, domin aikin da aka kawo masa ya yi. Abin da agogon nutso yake buƙata bayan kowace buɗewa shi ne sabuwar roba, da shafa mata man silikon, da gwaji a na'urar matsi, kuma wannan na'ura ba a kowane shago ake samunta ba. A ganina, wannan dalili kaɗai ya isa ya sa mutumin Kano ya fifita mai cajin haske, wanda zai yi shekaru masu yawa ba a taɓa murfinsa ba, ga shi kuwa rana ba abin da muke nema ba ce a garin nan.

Idan aka zo ga sunaye, wanda ya fi cika waɗannan sharuɗɗa da kuɗi mai dama-dama shi ne Citizen Promaster mai injin Eco-Drive, kamar samfurin BN0150 da BN0151. An rubuta masa DIVER'S 200M, yana caji da hasken rana ko na lantarki, kuma idan ya cika yana iya yin wata shida a cikin duhu bai tsaya ba. Farashinsa a kasuwannin waje yakan haura dala 200. Seiko ma yana da masu cajin haske a jerin Prospex, sai dai sukan ɗan fi tsada. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, sai ya duba Casio MDV-106, wanda aka fi sani da Duro: mai batir ne, mita 200, kansa na murɗawa ne, zobensa ɓangare ɗaya yake juyawa, kuma bai kai dala 100 ba. Ba shi da shaidar ISO, kuma haskensa a duhu ba ya daɗewa, amma a wannan farashi da wuya a samu abin da ya fi shi. Orient Kamasu otomatik ne mai kyan gani da gilashin da ba ya saurin karcewa, shi ma mita 200 ba tare da shaidar ba. G-Shock, wanda Casio ya fara fitarwa a 1983, ƙarfinsa ba abin musu ba ne, amma ƙananan lambobinsa suna da wuyar karantawa cikin ruwa mai duhu, kuma Frogman, wanda shi ne na masu nutso a gidan, ya fita daga sahun masu araha.

Akwai tarko guda game da Seiko da ya kamata a sani. Samfurin SKX007, wanda ya fito a 1996, ya yi shekaru sama da ashirin yana matsayin agogon nutso na talaka, har aka daina ƙera shi a 2019. Seiko 5 Sports da ya biyo bayansa kamarsu ɗaya a ido, amma mita 100 ne kuma kansa ba na murɗawa ba ne. Tsofaffin SKX da ake sayarwa na hannu kuwa, da yawansu an yi musu haɗe-haɗe da kayan da ba na kamfani ba, kuma ko na asali ne, robobinsa sun kwana biyu. Duk agogon da wani ya taɓa amfani da shi, komai sunansa, a ɗauke shi a matsayin mai yoyo har sai na'urar matsi ta tabbatar ba ya yi.

A kasuwar Sabon Gari, kamar kowace babbar kasuwa, akwai na gari akwai jabu, kuma agogunan da aka fi kwaikwayo su ne masu siffar nutso, tun daga Rolex Submariner da ya samo asali a 1953 har zuwa G-Shock. Wani mai shago zai nuna maka agogo kwance cikin kofin ruwa yana ta bugawa, ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, wannan har ƙasan teku za ka shiga da shi." Ruwan kofi bai kai zurfin yatsa ba, don haka babu abin da ya tabbatar. Amsar da ta dace ita ce, "Malam, ina kwalinsa da takardarsa? Kuma idan na kai aka gwada shi a na'ura ya faɗi, za ka karɓi kayanka?" Yadda ya amsa tambaya ta biyun zai gaya maka abu mai yawa. Sannan ka karɓi agogon ka juya zoben a hankali, ka ji yana ƙas-ƙas daki-daki ba tare da sako-sako ba, ka gwada mayar da shi baya ka ga ya ƙi, ka zagayo da shi ka ga alamar ta tsaya cif a kan sha biyu. Ka warware kan ka ji ya yi 'yan zagaye kafin ya saki, ka mayar ka ji ya kama ba tare da gurza ba. Ka haska fuskar da fitilar waya na ɗan lokaci, ka cire hularka ka kifa a kansa ka leƙa: hannuwa da alamomi da ɗigon da ke kan zobe duk su yi haske. Ka juya bayansa, idan Casio ne akwai lambar inji a cikin ɗan akwati da aka zana a murfin, wadda ya kamata ta dace da ta jikin takardar. Idan kuwa aka yi maka tayin Citizen sabo fil a kuɗin Duro, to ka san abin da kake saye, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai hanyar zuwa Jidda, Dubai ko Alƙahira, ko mai ɗan'uwa a can, gara ya saya a shagon dillalin kamfani ya karɓi rasit da katin garanti.

Abubuwan da ba su cancanci ƙarin ko kwabo ba suna da yawa. Ƙofar fitar da iskar hiliyom ta masu aikin kwanaki ce a ɗakunan matsi a ƙarƙashin teku, ba ta mai nutson minti arba'in ba. Rubutun mita 1,000 nauyi kawai yake ƙarawa. Maɓallan gefe na auna gudu ƙarin kafofi ne da ruwa zai nema.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar agogon. Ba ya nuna zurfi, kuma ba ya lissafin naitirojin da jiki ya tara. Wannan aikin kwamfutar nutso ne, wadda ita ma a hannu ake ɗaurawa, kuma a yau ita ce madogarar yawancin masu nutso, agogo kuwa mataimaki ne idan batirinta ya mutu ko ta rikice. Masu sauƙin kuɗi irin su Suunto Zoop Novo, Mares Puck Pro da Cressi Leonardo farashinsu bai yi nisa da na Citizen ɗin da aka ambata ba. Saboda haka wanda zai riƙa nutso a kai a kai kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, shawarata ya sayi kwamfuta, ya haɗa da Duro idan an samu canji. Wanda kuwa sau ɗaya ko biyu yake nutso a shekara, yana iya hayar kwamfuta a wurin nutson ya riƙe agogonsa. Mai niyyar shiga dam irin na Tiga, wanda aka kammala a 1974, ko na Challawa, ya tuna cewa ƙasar Kano ta haura mita 400 a kan doron teku, alhali jadawalin da aka saba koyarwa na wuraren da ba su wuce mita 300 ba ne, don haka lissafin mintunan yana canjawa, kuma yana buƙatar horo na musamman da kwamfutar da aka saita don tudu. Ga shi ruwan dam da damina jajir yake, wani lokaci mutum sai ya kawo agogon dab da fuskarsa kafin ya ga hannuwan.

Bayan an saya, kulawar ba ta da wahala. Kafin kowace shiga ruwa a taɓa kan a tabbatar a ɗaure yake, kuma kada a warware shi alhali agogon yana jiƙe. Bayan an fito daga teku a wanke shi da ruwan daɗi, ana juya zoben don gishiri da yashi su fita. Zafin bazarar Kano, wanda yakan haura digiri 40, yana busar da roba, saboda haka kada a bar agogo a gaban mota a rana, kada kuma a yi wanka da ruwan zafi da shi. Mu mutane ne masu son turare, to a fesa a bari ya bushe kafin a ɗaura agogo, domin sinadarin da ke cikinsa yana cin roba a hankali. Ko ba a buɗe shi ba, a kai shi gwajin matsi duk shekara ɗaya ko biyu, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin tafiya, ko da an sauka kafin a hau jirgin nutso. Idan aka ga hazo ko ɗigon ruwa ya kwanta a cikin gilashin ya ƙi tafiya, to ruwa ya riga ya shiga, kuma ruwan gishiri yana fara cin ƙarfen injin cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka a kai shi a buɗe a busar a ranar, a canja robobin gaba ɗaya, sannan a gwada shi a na'ura kafin ya sake shiga ruwa.